Shagunan tsofaffin kaya a ƙauyukan Amish: sana'a ce ko cin kuɗin baƙi?

Auwal Bronx: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Shagunan tsofaffin kayan nan da ke bakin hanya a gundumar Lankasta ta jihar Fensilbeniya, sunan Amish kawai suke sayarwa, wato Kiristocin nan masu yawo a keken doki, masu gudun mota da wutar lantarki. Mun tsaya a wani ranar Asabar, gaba kaɗan da ƙauyen Bird-in-Hand. Tsohon rumbu ne aka mayar shago, miji da mata da 'yarsu ke tsaro. Ciki akwai akwatunan katako, fitilun kananzir, kaskon ƙarfe, keken ɗinki na ƙafa, barguna a rataye. Na nuna wani akwati mai shuɗin fenti na ce na Amish ne? Matar ta ce wai daga yankin nan yake. Ga wutar lantarki a shagon, ga na'urar katin banki, ga mota a bayan gida. To ina Amish ɗin a nan? Ni a wurina wannan yaudara ce.

Hajiya Rabi Harrisburg: Wa alaikumus salam. Ƙanena Auwal, tambaya ɗaya: a allon shagon ka ga an rubuta Amish?

Auwal Bronx: Ba a rubuta ba, Yaya. Amma hoton keken doki ne a jikin allon. Ai ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Hajiya Rabi Harrisburg: Hoton keken doki har a jikin kwalbar zuma da takardar gidan mai za ka gan shi a can. Gundumar Lankasta tana da mutum sama da rabin miliyan, Amish ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran akwai 'yan Menonayit, wata ɗariƙar Kirista mai tushe ɗaya da Amish, waɗanda da yawansu suna tuƙa mota suna kunna wuta, akwai zuriyar Jamusawa mabiya wasu coci-coci, akwai kowa da kowa. Yawancin masu irin shagon da ka shiga daga cikin waɗannan suke. Matar ta ce maka daga yankin yake, ba ta ce na Amish ba ne. Ni ban ga ƙaryar ba. Kai ne ka shiga da Amish a ranka.

Dakta Bashir Kolombus: Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, kuma yana da tushe. Amish reshe ne da ya ɓalle a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, daga masu aƙidar baftismar manya na Siwizalan da yankin Alsas. Sun fara isowa Fensilbeniya a ƙarni na 18, amma 'yan kaɗan ne a cikin ɗimbin masu jin Jamusanci da suka zo. Akwatin amarya mai zanen tsuntsaye da furanni, tukwanen jan yumɓu, takardun haihuwa masu ado, mafi yawansu aikin waɗancan maƙwabtan ne. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne zanen tauraro mai zagaye da ake mannawa a rumbu. Duk shagon tsaraba na sayar da shi, alhali Amish ba sa sa shi a rumbunansu. Al'adar mutanen wajen gundumar Berks ce.

Auwal Bronx: Yauwa Dakta, ka taya ni ba ka sani ba. Ana sayar da abin da ba nasu ba a ƙarƙashin inuwarsu. Kuma babbar kasuwar tsofaffin kaya ta Adamstown ranar Lahadi take ci, ranar da Amish ko ƙwai ba ya sayarwa.

Dakta Bashir Kolombus: Ban taya ka ba tukuna. Tambaya biyu ce ka haɗe wuri ɗaya. Ta farko, kayan tsoho ne? Ta biyu, na Amish ne? Shagon tsofaffin kaya ta farko ya yi maka alkawari. A ƙa'idar kwastan ta Amurka sai abu ya cika shekara 100 ake lissafa shi a kayan tarihi. Kaskon da aka buga Griswold a gindinsa a garin Erie aka zuba shi, kuma masana'antar ta daina aiki a can tun 1957. Ba Amish ya ƙera shi ba, amma tsufansa ba ƙarya ba ne, kuma akwai masu neman sa ido rufe.

Baba Ɗanjuma Kafinta: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ban taɓa taka Amurka ba, amma katako bai san ƙasa ba. Auwal ɗana, da ka buɗe akwatin me ka gani? Tsufa ba a fenti ake duba shi ba, fenti yaro ma zai goge shi da yashi ya koma kamar na kaka. Ka juya shi ka dubi gindi da baya, inda mai ha'inci ke ƙyuyar taɓawa. Haɗin kusurwa in da hannu aka yanka, haƙoran ba sa zuwa daidai wa daida, wani ya fi wani faɗi, har za ka ga layin da kafinta ya ja da wuƙa. Na inji kuwa duk kansu ɗaya. Sai ƙusa: ta da mai kusurwa huɗu ce, zagayayyar nan ta waya sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 ta cika gari. In ka ga sukuru mai kan gicciye, irinsa sai a shekarun 1930 ya fara yaɗuwa, ko da yake yana yiwuwa gyara aka yi daga baya. Sannan katako yana motsewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Teburin da aka yanka zagaye shekara ɗari da suka wuce, in ka sa awo yau za ka tarar wani gefen ya ɗan fi wani. Wannan ba a iya ƙirƙirar sa a mako guda.

Auwal Bronx: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ban juya shi ba, farashin da na gani ne ya juya ni.

Maman Ilham: Ni fa abin da ya ɗaure min kai, in dai Amish suna nan da yawa kuma ba sa zubar da tsohon abu, me ya sa kayansu ba su cika shagunan ba?

Hajiya Rabi Harrisburg: Amsar tana cikin tambayarki, Maman Ilham. Ba sa zubarwa saboda suna aiki da shi. Abin da baƙo ke kallo a matsayin ado, su kayan aikin yau da gobe ne. Keken ɗinki na ƙafa, fitilar gas, garmar doki, injin wanki na Maytag mai matse kaya da kamfanin ya daina yi tun 1983, suna saye su ɗaura masa ƙaramin inji ko su haɗa shi da iska mai matsi. A wurin gwanjo sau da yawa su ne masu saye, ba masu sayarwa ba. Sannan in dattijo ya rasu, akan yi gwanjon kayan gida a tsakanin dangi, 'ya'ya da jikoki su yi ta tayawa. Kwanon kaka ko akwatin da aka rubuta harufan sunanta da shekarar aurenta da wuya ya fita waje. Wanda ya fita kuwa, ba a bakin hanya yake kwana ba.

Dakta Bashir Kolombus: Haka ne. Aikin Henry Lapp, kafintan Amish na Lankasta da ya rayu daga 1862 zuwa 1904, ko zanen Barbara Ebersol da ta rasu a 1922, yanzu gidajen tarihi da manyan masu gwanjo ke rububinsu. Labarin bargon nan da suke haɗawa da ƙyallaye ya fi ban mamaki. A 1971 gidan tarihi na Whitney da ke New York ya rataye irin waɗannan barguna a bango kamar zanen zamani. Daga nan dillalai suka bazama ƙauyuka gida-gida suna saye daga hannun tsofaffi. Na asali na Lankasta ulu ne, manyan ƙyallaye masu launi ɗaya, ja mai duhu, kore, shuɗi, babu fure babu tsuntsu. Kafin a farga an kwashe mafi yawansu. Fararen nan masu furanni da zuciyoyi da ake ratayewa yau don kasuwa aka ƙirƙiro su, kuma sanannen abu ne cewa matan ƙabilar Hmong, 'yan gudun hijira daga Laos da suka zauna a yankin bayan yaƙin Biyetnam, sun yi aikin liƙa furannin da yawa, matan Amish su yi ɗinkin hannu na ƙarshe.

Auwal Bronx: To jama'a ku ji fa! Mace daga Laos ta yi rabin aiki, a sayar da sunan Amish, a ce min ba yaudara ba? Yaya Rabi, ina jiran ki.

Hajiya Rabi Harrisburg: A kan wannan kam ina tare da kai. In aka rubuta aikin Amish ne alhali an ɓoye hannun wata, an tauye ta, an kuma rufe mai saye. Amma wannan sabon kaya ne na shagon tsaraba. Kai kan iyalin da ke sayar da tsofaffin kaya ka ɗora laifi. Irin waɗannan mutanen aikinsu shi ne bin gwanjon gidaje da asuba, su sayi tarkacen rumbu a dunƙule, su wanke, su gyara, su ajiye abu ya shekara bai fita ba. Sau da yawa su kansu iyakar abin da suka sani shi ne gonar da aka ɗauko shi. In ta ce daga yankin nan yake, wataƙila iyakar saninta ta gaya maka.

Malam Nura: Ina ganin wurin da Auwal ya tsaya yana da ƙarfi fiye da yadda kuke ba shi. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma dalilinsa mai sayar da abinci ne da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. Bai furta ƙarya ba, shiru ya yi. In mai shago ta san baƙo ya ɗauka na Amish ne, ta san wannan zaton ne zai sa ya biya, ta bar shi a kai, to akwai magana.

Hajiya Rabi Harrisburg: Allah gafarta Malam, can aibi aka ɓoye. Nan wane aibi ne a jikin akwatin? Kuma ya tambaya an ba shi amsa. Ba a ɗora wa mai shago zaton duk wanda ya sauko daga motar yawon buɗe ido.

Malam Nura: Aibin shi ne rashin sifar da mai saye ya zo dominta. Amma na yarda, sai an tabbatar ta san abin da ke ransa, kuma wannan ba mu da shaida a kai.

Isuhu Harlem: Ku bar ni in faɗi ta bakin ɗan kasuwa. Mu da muka yi sana'ar sassaƙe-sassaƙen gargajiya daga Abijan zuwa nan mun san yadda ake yi: a sassaƙa abu bana, a rataye shi a hayaƙin murhu, a shafa masa ƙasa, ya fito kamar ya ga zamanin kakanni. Me ya kawo haka? Mai saye ne ba ya son abu, labari yake so. Ka ce masa sabo ne mai kyau, ya wuce. Ka ce daga wani ƙauye mai nisa aka samo, ya zaro walat. Matar da Auwal ya gani, da 'yar damfara ce da ta ba shi labarin wata kaka Amish da ta rasu ta bar akwatin. Kalma ɗaya ce tsakaninta da ƙarin kuɗi, ba ta faɗa ba. Ni wannan ya sa na yarda da ita.

Auwal Bronx: Ko kuma ta iya takunta ne, Alhaji, ta san inda doka za ta kama ta. Hoton keken dokin ya riga ya yi mata magana.

Baba Ɗanjuma Kafinta: Abu mai sauƙi ne. Ka ce ta rubuta maka a rasit: shekarun kayan, inda aka samo, da gyaran da aka yi masa. Mai gaskiya zai rubuta abin da ya sani ya tsaya. Wanda ya fara kame-kame, ka ajiye masa kayansa.

Maman Ilham: To wanda ke son ya saya daga hannun Amish ɗin kansu fa, ina zai nufa?

Hajiya Rabi Harrisburg: Ki jira ƙarshen hunturu. Daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu ƙauyukan Lankasta, irin su Gordonville, suna yin gwanjon da ake kira na taɓo, saboda ƙanƙara ta narke fili ya caɓe. Don tara wa 'yan kwana-kwana na sa-kai kuɗi ake yin sa. Barguna, kekunan doki, dawaki, kayan noma, kayan ɗaki, duk a rana ɗaya, masu shela da yawa a lokaci guda. Ki sa takalmin roba, ki je da katin shaida a ba ki lamba, kuma kada ki ɗaga waya a fuskar mutane, ba sa son hoto. Na wajen Indiyana kuma akwai gwanjon Shipshewana kowace Laraba.

Auwal Bronx: Can ma wa ya ce duk abin da aka ɗaga na Amish ne?

Hajiya Rabi Harrisburg: Babu wanda ya ce. Kowa na iya kawo kayansa a sayar masa.

Isuhu Harlem: Kuma Maman Ilham, ki lura da masu tsayawa can baya hannu a aljihu, waɗanda ba sa ɗaga lamba sai dai su gyaɗa kai. Masu shagunan da ake ta faɗa a kansu ke nan. In kika ga sun daina tayawa ke kina ci gaba, kin wuce kuɗin kayan.