In sabunta manhajar gyaran hoto, ko in bari sai na miƙa aikin biki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hoto. Shawara nake nema, lokaci kuma ya ƙure mini. Makon jiya na ɗauki biki na kwana uku, hotuna kusan 1,400. Kamu da ɗaurin aure da tsohuwar kyamarata na yi, har na gyara fiye da rabi. Ranar dina na aro sabuwa wurin wani abokin sana'a, da na dawo gida manhajar ta ƙi buɗe hotunan, wai ba ta san irin wannan RAW ɗin ba (ɗanyen fayil ɗin hoto yadda kyamara ta ɗauke shi) sai an sabunta ta.

Abin da ya tsorata ni, shi mai kyamarar ya sabunta tasa watan jiya. Tun ranar, da ya ɗauko burushi zai gyara fuska sai ta sandare, ta rufe kanta. Ga shi laftof ɗinsa ta fi tawa ƙarfi. Uwar amarya ta kira sau uku yau, Asabar take son albam. Me kuka gani?

Mai studiyo, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ba a fafe gora ranar tafiya. Ai ba manhajar ce matsalarka ba, hotunan dina ne kawai. Sauko da DNG Converter na Adobe, kyauta ne. Nuna masa folda, ya mayar da RAW ɗin zuwa DNG, wato tsarin RAW na Adobe, tsohuwar manhajarka za ta buɗe su. Kada ka goge na asalin dai. Kuma ka duba kalar kayan amarya da kyau, kyamara biyu ba sa fitar da ja iri ɗaya, mata kuwa ba sa yafe a sauya musu kalar leshi.

Mai hoto, Kano: Abin da Oga ya faɗa shi ne. In ƙara da abin da mutane ke mantawa, wato katalog, fayil ɗin da manhaja ke ajiye bayanan gyaran da ka yi wa hotuna. Idan Lightroom Classic kake aiki da ita, babban sabuntawa yakan juya katalog ɗin zuwa sabon tsari, tsohuwar manhaja ba ta iya buɗe shi. Sabuwar tana bar maka tsohon katalog a gefe, amma duk gyaran da ka yi bayan juyin yana cikin sabon. Ka yi kwana biyu kana aiki, ta fara rufewa, ka koma tsohuwar ta Creative Cloud (inda ake sauko da manhajojin Adobe), sai ka tarar kwana biyun ba su biyo ka ba, sai dai in ka sa tana rubuta gyaran a fayilolin XMP, ƙananan fayilolin da ke riƙe gyaran kowane hoto a gefensa. Kwafe katalog ɗinka a faifan waje yau ɗin nan, ka kashe wa manhajar sabunta kai.

Mai hoto, Zariya: Ni fa na sabunta tawa, ko gezau. Kuna tsorata yaro ne kawai.

Mai studiyo, Kaduna: Malam, kai ba uwar amarya a wuyanka.

Mai gyaran kwamfuta, Jos: Na abokinka nake ji. Rufewa daidai lokacin burushi galibi katin girafik ne, sashen kwamfuta mai sarrafa hoto: sabuwar manhaja ta ɗora masa aiki, direbansa (ƙaramar manhajar da ke tafiyar da katin) tsoho. Ya shiga saiti ya kashe amfani da katin. In ta daina, an gano ɓarawon, sai ya sauko da sabon direba daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, ya danganta da wanda ke cikin injinsa. Kai kuma duk ranar da za ka sabunta, ka cika batir tukuna, kada a ɗauke wuta aiki na rabi.

Mai hoto, Maraɗi: Yaya, rufewa ma da sauƙi. A watan Agustan 2020 Lightroom 5.4 ta iPhone da iPad ta goge wa wasu hotuna da saitin kalarsu, waɗanda ba su ajiye a intanet ba. Adobe ta ba da haƙuri, ta fitar da 5.4.1, amma ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun lokacin nake barin sabuwa ta yi mako biyu a hannun wasu kafin in taɓa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na juya guda 20 na gwada, duk sun buɗe. Gaskiyar Oga, ɗankwalin amarya ya ɗan yi ruwan goro, zan daidaita. Saura 380, na bar su suna juyawa, na tafi neman man janareta.