Neman shawara: Baba ya dage sai an kai shi ruwan zafin Tafadek

Mai tambaya, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mahaifina ya haura saba'in, ciwon gwiwa da na baya sun hana shi sakat, sallah ma a zaune yake yi. Wani abokinsa ya ba shi labarin Tafadek, ruwan zafin nan da ke cikin duwatsun Abzin, tun ran nan ba shi da zance sai shi. Yana da hawan jini da ciwon suga, yana shan magani. Ni iyakata Tawa. Don Allah wanda ya san wurin ya faɗa mini hanya, lokacin da ya dace, da abin da za mu riƙa. Kuma tsakani da Allah, ruwan yana magani?

Tsohon direban Agadas:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba Alhaji lafiya. Hanya biyu ce: ko ku bi Damagaram, Tanut, Aderbissinat, ko ku zaga ta Ƙonni, Tawa, Abalak. Kowacce wuni guda ce cur, kuma akwai inda kwalta ta ci ta cinye, to ka tambayi direbobi a tasha wadda ta fi dama-dama a makon da za ku tashi. Ku kwana Agadas tsoho ya huta. Daga can Tafadek wajen kilomita 80 ce arewa, amma kar lambar ta ruɗe ka, ƙarshenta ba kwalta, sai duwatsu da rairayin kori. Ka ɗauki hayar kat-kat, wato motar shiga daji, da direba ɗan ƙasar, mai tayar safaya biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Da damina kar ka soma: ana iya yin ruwa can bisa duwatsu, kai kana cikin rana, sai dai ka ga kori ya taso da itace da komai.

Malamar asibiti:
Ɗan'uwa, hanya ba ita ta dame ni ba, cututtukan nan biyu da ka ambata a tsakiyar magana su ne maganar. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, sai jini ya sauka. Ga maganin hawan jini a jiki, mutum na miƙewa sai jiri, sai faɗuwa, kuma a kan dutse. Na biyu, wanda ya daɗe da suga sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata. Zai tsoma ta ya ce maka lafiya lau, alhali fata na ƙuna, gyambon mai suga kuwa ka san yana da wuyar warkewa. Saboda haka kafin ka biya kuɗin mota, kai shi wajen likitansa a auna shi, a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. In akwai ko ɗan rauni ne, a fasa. In likita ya yarda, kai za ka fara gwada ruwan da gwiwar hannunka. Abin da ya wuce digiri 40 ya yi wa tsoho yawa, ku ɗiba a bokiti ya huce. Minti goma ya isa, kana kusa da shi, ya fito a hankali ya sha ruwa.

Yana magani? Ɗumi yana sassauta jijiya, ciwo ya lafa na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Amma guringuntsin da ya cinye a gwiwa ruwa ba ya maido da shi. Kar ya ajiye maganinsa ko na yini ɗaya.

Hajiya mai atamfa, babbar kasuwa:
Malama kin tsorata yaro. Ni na kai yayata, da sanda ta tafi, da muka dawo wata da watanni tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Mutane daga ko'ina suke zuwa su yi kwanaki, maza da lokacinsu mata da nasu. Abin da zan ce maka ɗana, wurin daji ne, kar ka sa ran masauki irin na birni. Riƙa tabarma, bargo mai kauri har biyu, sanyin Abzin da dare ba irin namu ba ne, da asuba ruwan buta sai ya gagare ka alwala. Ka tafi da gawayi ko ƙaramin gas, shinkafa, taliya, garin kunu, da bido-bido na ruwan sha. Ka ƙara shayi da sukari fiye da bukatarku, Buzayen wurin za su yi muku karamci, bai kyautu ka zo hannu rabbana ba. Takalmi kuma a kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

Malamar asibiti:
Hajiya, Allah ya ƙara wa yaya lafiya. Tana da suga?

Hajiya mai atamfa:
A'a, ita kam sanyin ƙashi ne kawai.

Malamin lakwal:
Ƙarin bayani kaɗan, don na ji ana cewa aljanu ke hura wuta ƙarƙashi. Ruwan sama ne ke bin tsagar duwatsu ya nutsa can ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, sannan ya taso da gishirin da ya narko. Abzin kuwa ƙasa ce mai tsofaffin duwatsun aman wuta. Kar a bari ruwan ya shiga hanci: ruwa mai ɗumi na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke bi ta hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Ba ta cika faruwa ba, amma in ta kama da wuya a tashi. In da fasfo da hali, Wikki da ke gandun Yankari a jihar Bauchi ɗuminsa digiri 31 ne kacal, ga ɗakunan kwana.

Tsohon direban Agadas:
Malam, Alhaji Tafadek ya ce, kai shi Bauchi ba zai sa ya yi shiru ba. Abin da na manta ɗana: tsaro. Kuna isa Agadas ka je wurin jandarmomi ka tambayi halin da hanya take ciki, abin da suka ce shi za ka bi. Kar ku yi tafiyar dare, in da wata mota mai zuwa ku jera. Rezo ba abin dogaro ba ne a cikin duwatsu, to ka bar wa wani a Agadas ranar da za ku fito da lambar direba. Katin ɗan ƙasa na kowa ya kasance a aljihu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ran Litinin zan kai shi a duba ƙafar tukuna. Baba direba, zan biyo ka ta waya kan kuɗin hayar kat-kat. Malama, maganin sugarsa na allura ne, a firij muke ajiye shi. Yaya zan yi da shi a hanya?