Neman kalma: ranwe, taksiwe da abin da aka shimfiɗa a kansu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wani shirin rediyo a nan Kaduna kan yadda ake tsara kula da titunan filin jirgin sama, sai na cije a kan kalmomin da ma'aikata ke faɗa da Turanci: ranwe, taksiwe, da wanda suke kira fefmen. A labarai duk muna haɗe su mu ce "titin jirgi". Ku tuna 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako 6 daga 8 ga Maris, aka karkato jirage zuwa nan, fasinjoji suna bin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa ta Idu a Abuja ko su shiga mota. Masu sauraro sun yi ta tambaya, wai duk faɗin filin babu wani titin ne? Akwai, amma na tashi da sauka ɗaya ne tak. Ku taimaka mu raba su da suna.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Na farkon ba ya buƙatar wahala: "titin tashi da sauka", a taƙaice "titin sauka". Kunnen jama'a ya riga ya saba. Na biyun kuwa, wato titin da jirgi ke bi tsakanin wurin tsayawarsa da titin sauka, ina ganin "burtali" zai yi, tunda hanya ce da aka keɓe don a bi a isa wani wuri, ba a tsayawa a kanta.

Tsohon injiniya:
Malam, a gafarce ni, burtali ya yi daɗin ji amma zai sa a raina wurin. Mai ji zai ɗauka 'yar hanyar ƙasa ce. Alhali taksiwe kan sha wahala fiye da tsakiyar titin sauka. A titin sauka jirgi da gudu yake, fukafukai sun ɗauke masa wani kaso na nauyi. A taksiwe kuwa a hankali yake tafiya, maƙare da mai da kaya da mutane, nauyin duka a kan tayoyi, kuma kowane jirgi sawun na gabansa yake bi. Nan kwalta ke fara lotsawa, ka ga gurbin taya ya zurma ruwa ya kwanta a ciki. Ko alamominsu daban ne: zanen titin sauka fari, na taksiwe rawaya, fitilun gefensa shuɗaye. Titin sauka lamba ake ba shi bisa inda ya fuskanta, namu na Kaduna 05/23, taksiwe kuma harafi. Ni "titin tattaki" nake kiransa idan ina yi wa jikokina bayani, domin a nan ne jirgi ke takawa.

'Yar jarida:
Baba, wannan ta shiga. Na gwada ta da ƙarfi: "jirgin ya bar titin sauka ya hau titin tattaki." Babu inda harshe ya yi tuntuɓe. To fefmen fa, ba kwalta ba ce kawai?

Tsohon injiniya:
A'a 'yata, kwalta fuska ce. A ƙarƙashinta akwai ƙasar da aka danne, sai marmara ko dutsen da aka farfasa, hawa-hawa, kowane hawa da kaurinsa. Wani wurin ma ba kwalta ba ce, kankare ne, musamman inda jirage ke tsayawa, saboda man jirgi idan ya zuba yana narkar da kwalta. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki ginin duka daga ƙasa har sama.

Malamin Hausa:
Ashe "daɓe" muke nema. Na so in ce "shimfiɗa", amma ita tana kai hankali kan tabarma da gado. Daɓe kuwa aikin hawa-hawa ne tun asali: a zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su bi da madaɓi, a shafe da makuba. Ga ta kuma tana juyuwa: daɓen titin sauka, daɓen kwalta, daɓen kankare, daɓen ya tsage, an sake daɓewa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Saura wadda ta fi damuna. Duk aikin da aka yi wa titi "gyara" muke cewa, ko toshe tsaga ne ko tone shi gaba ɗaya.

Tsohon injiniya:
Nan ne maganar take, kuma ina roƙon ku kada ku wuce ta da sauri. Yawancin aikin daɓe ana yin sa ne tun bai lalace ba. Kullum mota na zagaya titin ana duba ko wani abu ya faɗi, domin ɗan tsakuwar da ya ɓalle injin jirgi na iya zuƙe shi. Guntun ƙarfe a kan titin sauka ne ya fasa tayar jirgin Concorde a Faris ranar 25 ga Yulin 2000, jirgin ya faɗi, mutum 113 suka rasu. Bayan wannan akwai babban dubawa: a raba daɓen kashi-kashi, a bi da ƙafa, a rubuta kowace tsaga da zurfinta da kowane gurbi, sannan a ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 100. Da wannan makin ake jera aiki, a san wanda za a taɓa bana da wanda zai jira baɗi, a kuma nemi kuɗinsa a kasafi tun da wuri.

Idan kun lura daga tagar jirgi, inda tayoyi ke fara taɓa ƙasa baƙi ƙirin yake. Robar taya ce ta manne. Sai an kankare ta lokaci-lokaci, in ba haka ba ranar ruwa wurin santsi zai yi. Tsaga kuma a nan Kaduna dole a toshe ta kafin damina, don idan ruwan Agusta ya ratsa ya jiƙa na ƙasa, hawan sama ba shi da abin dogara. Filin da ke da titin sauka ɗaya, cikin dare ake irin wannan aiki, a share a buɗe kafin jirgin safe.

Titin Abuja an gina shi a 1982 da lissafin shekara 20, sai a 2017 aka yi masa babban aiki. Na Inugu an rufe shi a Agustan 2019, bai buɗe ba sai bayan shekara guda. Idan kalma ɗaya ce ga komai, ta yaya ɗan ƙasa zai tambayi hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama ko an yi ƙananan ayyukan a kan kari?

Malamin Hausa:
To mu bar "gyara" ga abin da ya riga ya ɓaci, da 'ya'yanta: faci, ƙarin sabon hawa, sake gini. Na kafin ɓacin kuma mu ce "riga-kafi".

'Yar jarida:
Malam, idan na ce riga-kafi a labarai, allura za a ɗauka. Sai dai a riƙa haɗawa: "riga-kafin daɓe". Ko "kula da daɓe" ga aikin yau da kullum.

Mai tambaya:
Zan ɗauki duka biyun, "kula" ga na kullum, "riga-kafin daɓe" ga wanda aka tsara wa lokaci da kuɗi. Baba, wurin tsayawar jiragen da ka ambata, ni "farfajiyar jirage" nake cewa, wani abokin aikina kuma "matsaya". Idan akwai wanda ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya a cikinmu, ya faɗa mana wadda ta fi dacewa kafin Alhamis.