Tikitin shiga gandun Rocky Mountain lokacin zafi: daji ake karewa ko wurin fakin?

Dan Yawo: Salam jama'a. Ni fa yau da rigima na tashi, wanda zai ji haushi ya ji. Tsarin nan da aka kawo a gandun dajin Rocky Mountain na jihar Kolorado a Amurka tun 2020, wai lokacin zafi sai ka hau intanet ka kama lokaci kafin motarka ta wuce geti, ni a ganina ba daji yake karewa ba, wurin fakin yake karewa. Da korona aka fake aka kawo shi, korona ta wuce shi yana nan daram, har a 2024 suka maida shi na dindindin. Wuri mai fadin murabba'in kilomita sama da 1,000 ace wai ya cika? Titi ne ya cika ba daji ba. Wanda yake da ja ya fito.

Malamin Jogurafi: Wa'alaikumussalam. Ɗan uwa ina da ja kam. A 2019 mutum sama da miliyan 4.6 ne suka shiga gandun nan, ƙarin kusan kashi 44 cikin ɗari kan na 2012, kuma ba wai sun warwatsu cikin wata goma sha biyu ba ne, yawancinsu daga Yuni zuwa Satumba suke tururuwa. Maganar korona ta zo ta tarar da matsalar ne, ba ita ta haife ta ba. Sannan faɗin da kake lissafawa ai ba inda mutane ke takawa ba ne. Kowa tafkin Bear Lake yake so, kowa hanyar Trail Ridge mai ratsa saman tsaunuka yake so.

Dan Yawo: To ai maganata kenan Malam, kun maimaita min ita da lissafi. Wuri biyu ne suka cika, sai a daure dajin gaba daya?

Malamin Jogurafi: Bari in ƙarasa mana. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gandun yana sama da inda bishiya ke iya tsirowa, wajen mita 3,500. Can ba komai sai ƴan tsirrai ƙanana manne da ƙasa saboda iska da sanyi, lokacin girmansu a shekara makonni ne kawai, wani tsiron da bai kai tafin hannunka ba ya girme ka a shekaru. Wata masaniyar tsirrai, Beatrice Willard, ta killace wasu ƴan filaye a gefen Trail Ridge tun 1959 don ta ga yaushe wurin da aka tattake zai farfaɗo, aka yi shekaru da dama ana bibiya, abin da ya fito shi ne inda ƙasar ta zaizaye sai an yi ɗaruruwan shekaru. To idan fakin ya cika me direba yake yi? Hawa gefen titi yake, iyalinsa su sauko su taka. Kaga fakin da daji ba abu biyu ba ne a can.

Tsohon Direba: Yaro, Malam ya fada maka gaskiya ta bangaren titi. Ni na tuka a hanyar Trail Ridge din nan. Kilomita 77 ce daga garin Estes Park zuwa garin Grand Lake, kololuwarta mita 3,713, babu wata kwalta mai zarcewa a Amurka da ta kai ta tsayi, kuma wurare da yawa ba karfen kariya a gefe, kai ne da ramin sai Allah. Layi daya hawa layi daya sauka. Mutum daya ya hango barewar nan tasu manya ya taka birki a tsakiyar titi don daukar hoto shikenan an kulle, in wani ya fadi sama numfashinsa ya dauke ta ina motar asibiti zata bi? Kuma fa hanyar ba ta shekara bace, karshen Mayu ake budewa bayan an kwashe dusar kankara, tsakiyar Oktoba a rufe. Wata hudu da 'yan kai kowa yake son ya hau.

Dan Yawo: Baba na ji ku, kuma ban musa cunkoso ba. Abin da nake cewa maganin ne bai dace da cutar ba.

Maman Yara: Ni dai ina bayan Dan Yawo amma ba don dalilinsa ba. Malam ku duba lokutan da kyau. A 2024 in zaka bi hanyar Bear Lake tikiti ake bukata daga 5 na asuba zuwa 6 na yamma, sauran gandun kuma daga 9 na safe zuwa 2 na rana. To wanda bai samu tikiti ba me zai yi? Jira zai yi karfe 2 ta wuce ya shiga. Kuma duk wanda ya san tsaunukan nan ya san a watan Yuli da Agusta da rana hadari yake haduwa, safiya garau rana na haske kafin azahar gajimare ya fara taruwa sai tsawa. Su da kansu suna cewa ka sauko daga saman fili kafin tsakar rana, sannan tsarin nasu yana turo marasa tikiti sama daidai lokacin da ake cewa a sauko. Wannan wane irin lissafi ne fisabilillahi?

Mai Kamara: Anti wlh kin tabo inda yake min kaikayi. Ni ya taba ritsawa dani, kuma laifina ne ba na kowa ba, na tsaya jiran haske mai kyau don hoto ina ganin gajimare yana baki nace bari in kara daya, kafin in kai mota kankara ta fara zuba kamar tsakuwa a watan Yuli fa, hannuna ya kage na kasa bude kofa, gashin hannuna ya mimmike wanda daga baya aka ce min alamar aradu na kusa ce. A can sama ba bishiya ba rumfa, kai ne abu mafi tsayi a filin. Tun ranar in 11 ta yi ina kan hanyar sauka. Masu hawa tsaunin Longs Peak ma, mai mita 4,346, da tocilan suke tashi wajen 2 ko 3 na dare don su kai su juyo kafin hadari.

Malamin Jogurafi: Hajiya maganarki tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma ki tuna a Yulin 2014 aradu ta kashe mutum biyu a kwana biyu a jere a gefen hanyar Trail Ridge, wasu da dama suka jikkata, shekara shida kafin a san da wani tikiti. Mutane suna hawa da rana tun da can, saboda mai hutu ba ya son tashin asuba. Kuma ƙofar ba ta yamma kaɗai ba ce, wanda ya wuce geti kafin 9 na safe ba a tambayarsa tikitin lokaci in ba hanyar Bear Lake zai bi ba, wato tsarin yana tura mutane zuwa safiya ma, wadda ita ce lokacin da ya fi aminci.

Maman Yara: Malam da alama baku taba tada yara hudu da asuba ba. Daga birnin Denba awa daya da rabi zuwa biyu ne kafin ka isa geti, ga layi a getin kansa don duk marasa tikiti dabara daya suka yi. Ki yi wa wannan wanka ki nemo takalmin wancan, kafin ku fito 9 ta gota. Mai kudi ya kama daki a Estes Park ya kwana kusa, shi ba ruwansa.

Autan Gida: hhhh Anti ta kashe Malam da takalmi

Malamin Jogurafi: Auta zan kama ka. Hajiya na yarda da rabin maganar. Kuɗin kama lokacin dala 2 ne, ba shi ne nauyin ba, nauyin shi ne sanin ranar da za ka samu hutu wata guda kafin lokaci, kuma mai aikin da ba shi ke tsara ranakunsa ba bai da wannan. Shi ya sa suke ajiye wani kaso su sake shi da yammacin jajibiri. Bai wadatar ba, na sani, amma ba a ce an manta da su ba.

Autan Gida: Toh ni tambayata daban ce. A shekarar da aka fara tikitin, 2020, ai shekarar ce gobara ta cinye kusan eka 30,000 a cikin gandun. Gobarar Cameron Peak ta taso a Agusta, ta East Troublesome ta biyo a Oktoba har ta tsallake kashin bayan tsaunukan aka kwashe mutanen Estes Park. In dai kare daji ake nufi ai ga abin da yake cin daji nan, fari da zafi da kwarin nan masu kashe bishiyoyin fayin su bar su a tsaye a bushe. Takalmin dan yawon bude ido nawa ne zai yi barnar da wutar nan tayi a dare daya?

Dan Yawo: Auta Allah ya maka albarka, yau ka yi magana.

Malamin Jogurafi: Ya yi magana amma ya haɗa abu biyu. Duka gobarar nan biyu a wajen gandun suka tashi suka shigo, tikiti bai taɓa cewa zai tare wuta ba. Kuma binciken hukuma ya nuna East Troublesome hannun ɗan adam ne ya tada ta, to wannan hujja ce a kan cewa yawan mutane a busasshen daji ba abin wasa ba ne, ba hujjar a saki geti ba. Don gobara ta fi ɓarna ba a cewa a bar ƙaramar ɓarnar da ake iya hanawa. Wurin da ya ƙone ma a ƙasa yana tsirowa cikin shekaru, na saman da aka tattake shi ne ba ya dawowa a rayuwarmu.

Tsohon Direba: Ku bar ni in fadi abin da na sani. Matsalar mota ce, to a rage mota. Gandun Zion a jihar Yuta tun shekarar 2000 suka hana kananan motoci shiga kwarin lokacin cunkoso, kowa ya ajiye tasa ya hau bas. Bas daya ta dauke abin da motoci da yawa zasu dauka, direbanta ya san hanya, ba mai tsayawa daukar hoto a kan kwana. Rocky Mountain ma suna da bas a hanyar Bear Lake, su fadada ta su bar mutane su shiga.

Dan Yawo: Shikenan Baba kun gama magana, abin da nake nufi tun farko kenan. A hana mota kar a hana mutum.

Malamin Jogurafi: Baba da girmanku, amma Zion ɗin da kuka kawo ku ƙarasa labarinta. Bas ta warware titi, sai ta riƙa juye mutane a bakin hanyoyin ƙafa fiye da yadda za su ɗauka, har a 2022 dole aka sa takardar izini ta hanyar ƙuri'a kafin a hau dutsen Angels Landing, saboda mutane suna cunkushewa a kan siririn dutse suna riƙe da sarƙa. An gudu daga tikitin geti an dawo tikitin dutse. Dokar 1916 da ta kafa hukumar gandayen Amurka ta ɗora mata abu biyu ne, a bar mutane su more kuma a bar wurin ba lalacewa don na baya, kuma ranar da biyun suka yi karo dole wani ya ji ba daɗi.

Tsohon Direba: Wannan kuma ban san da shi ba Malam, na karu. Amma har yanzu in aka bani zabi bas zan dauka, ko ba komai birkin mutane zai huta, na sha jin warin birki a gangaren nan na wadanda basu san a sa karamar giya ba.

Dan Yawo: Malam tambaya daya ku bani amsa tsakani da Allah. Tikitin nan mota yake kirgawa ko mutum?

Malamin Jogurafi: Mota.

Dan Yawo: Mai mutum daya da mai mutum bakwai duk daya?

Malamin Jogurafi: Duk ɗaya. Kuma in ka shiga cikin awa biyun da aka ba ka ba mai korarka, ka wuni. Na ba ka wannan, ma'aunin bai cika daidai ba. Abin da ban ba ka ba shi ne cewa bai kare komai.

Dan Yawo: To ai ni "wurin fakin" na ce, kun ce mota, a rubuta a ajiye.

Maman Yara: Ku dai kun koma kan mota kun bar min maganar karfe 2 ba wanda ya warware ta. Mai Kamara kai da ka sha kankara, in mutum bai samu tikiti ba kuma safiyar ta kubce masa ya zai yi da yara?

Mai Kamara: Anti ki shiga bayan 2 din amma kar ki hau sama, ki tsaya kasa wajen filin Horseshoe Park inda mota ke kusa, in kin ji tsawa kowa ya koma cikin mota a rufe gilashi a jira minti 30 bayan karar karshe. Sau da yawa wajen 5 ko 6 sama tana washewa, lokacin sai ki hau Trail Ridge in kin ga garau, hasken ma yafi kyau. Ki tafi da rigunan sanyi ko da kin baro kasa ana gumi, da ruwa mai yawa, in yaro ya fara ciwon kai ko amai ki juyo kasa kawai tsayin ne.

Autan Gida: Ni dai a lissafina Dan Yawo 1 Malam 1 Anti 2

Maman Yara: Na biyun na menene?

Autan Gida: Na takalmi