Amnesty ta Afirka ta Kudu: afuwa ce ko fansar kai?

Jama'a, ku taya ni da wata kalma. Duk sanda aka zo batun Hukumar Gaskiya da Sulhu da Desmond Tutu ya jagoranta bayan mulkin wariyar launin fata, sai a fassara amnesty da "afuwa". Ni dai abin bai kwanta mini ba.

A wurinmu afuwa ta mai haƙƙi ce. An kashe maka ɗan'uwa, kai ne waliyyin jini: ko ka nemi ƙisasi, ko ka karɓi diyya, ko ka ce ka yafe. Alƙali ba ya yafewa a madadinka. To can ba haka aka yi ba. Dokar 1995 ta bai wa wani kwamitin hukumar ikon wanke mutum ko da magada ba su so. Iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariya wanda ya rasu a hannun 'yan sanda a 1977, har Kotun Tsarin Mulki suka je a 1996 don a soke wannan iko, ba su yi nasara ba.

Ko nadama ba ta cikin sharaɗi. Laifin dai ya zama na siyasa, kuma ka feɗe biri har wutsiya. A 1997 wani ɗan sanda, Jeffrey Benzien, ya hau bayan mutum a gaban kwamitin, ya nuna yadda yake cusa kan fursuna cikin jiƙaƙƙiyar jaka har numfashi ya kusa ɗaukewa. Tony Yengeni, wanda ya taɓa ɗanɗana wannan azaba a hannunsa, shi ya nemi a gwada. Daga baya aka wanke Benzien. Wannan ne za mu kira afuwa?

"Yafiya" ta zuciya ce, "sulhu" kuwa sai kowane ɓangare ya amince. Na ajiye su.

Abin da ya faru ciniki ne: kawo gaskiya, ka tsira daga kurkuku, ƙasa ta zauna lafiya. Fiye da mutum 7,000 suka nema, 849 suka samu. 'Yan sandan da Biko ya rasu a hannunsu ma an hana su. Shi ya sa nake ganin "fansar kai da gaskiya" ta fi dacewa, kamar yadda bawa kan fanshi kansa a da.

Matsalarta biyu: ta yi tsawo ga kanun labarai, kuma da an ji "fansa" wasu ramuwar gayya za su tuna. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ko akwai gajeriya a bakinku?