Ajin iyaye a cocin mutanen Latin Amurka: wa ya gani da idonsa?

Maman Uku, Bronx:
Assalamu alaikum. Wanda ya gani nake nema, ba wanda ya ji labari ba. Aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi a nan Amurka, kuma wadda muke karɓa-karɓa da ita 'yar Honduras ce. Bara ɗanta mai shekara 14 ya ɗauke mata wuta. Ya dawo makaranta ya shige ɗaki ya rufo ƙofa, ta yi masa Sifaniyanci ya mayar mata da kalma ɗaya ta Turanci. Na sha tarar da ita a kicin ɗin tsohuwarmu ta saki famfo don kada a ji kukanta. Sai cocinsu ta buɗe ajin iyaye a ɗakin ƙasa, duk daren Laraba, mako bakwai. "Escuela para padres" suke ce masa, makarantar iyaye ke nan. Shekaranjiya yaron nan da kansa ya kawo mata abinci wurin aiki, har ya tsaya suka yi hira a bakin ƙofa. Nawa ɗan ya shiga 13, kuma na fara ganin alamu. Me ake yi a cikin ajin nan?

Surukin Meziko, Chicago:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Na zauna a irinsa, domin matata 'yar Meziko ce, kuma surukata ce ta tasa mu gaba. Tunda kin ce mako bakwai, ina zaton Familias Fuertes ne. Asalinsa tsari ne na Jami'ar Jihar Iowa don yara masu shekara 10 zuwa 14, aka mayar da shi Sifaniyanci. Takensa "amor y límites", ƙauna da iyaka. Awa biyu ake yi. Awar farko iyaye ɗakinsu daban, yara nasu daban, ta biyu a haɗu.

Abin da coci ta ƙara shi ne addu'ar buɗewa, da tukunyar tamales (abincinsu na garin masara da ake turarawa a ganye), da tsofaffin mata masu riƙe ƙananan yara. Kada ki raina wannan. Uwar da ta tashi aiki ƙarfe shida ba za ta zo aji ba idan sai ta koma ta ɗora tukunya.

Daren farko ba zan manta shi ba. Aka ba yaran almakashi da tsofaffin mujallu, kowa ya manna hotunan abin da yake burin zama, ba a rubuta suna ba. Aka jera a bango, aka ce kowane uba ya nemo na ɗansa. Wani magini, takalminsa duk busasshen siminti, ya yi ta kai da komo har kowa ya zauna. Na 'yarsa ne kaɗai ya rage a bango, hoton likitar dabbobi. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya kasa cewa komai. Ni ma sai a karo na biyu na gano na tawa 'yar, kuma har gida abin yana cina.

Tafinta, Miami:
Ina aiki a makarantar sakandare, tsakanin malamai da iyaye. Yaya, ga inda gizo ke saƙar. Yaro ya fi iyayensa saurin kama Turanci, sai ya zama shi ne bakin gidan: shi ke karanta takardar mai gida, shi ke magana da likita, har wasiƙar da makaranta ta aiko a kan laifinsa shi ke fassarawa. Ɗan shekara 13 ya san uwarsa ba ta da takardun zama, ya san nawa ya rage a kuɗin haya. Yaya za a yi ta ce masa ya kwanta ƙarfe tara ya ji? Ga kuma barazanar da yaro ke yi ta "zan kira 911", lambar kiran 'yan sanda da agajin gaggawa. An karɓe bulala daga hannun iyaye, ba a ba su komai a madadinta ba. Wasu sai su saki yaran gaba ɗaya.

A nan Miami akwai Familias Unidas, wanda Hilda Pantin da abokan aikinta suka tsara a Jami'ar Miami. Ba na coci ba ne. Zama takwas ne na iyaye zalla, da zama huɗu da iyalin, inda uwa za ta gwada abin da ta koya a gaban mai koyarwa. Amma na lura idan muka kira taro a makaranta kujeru ne ke sauraronmu, idan Fada ya sanar bayan ibadar Lahadi ɗaki ya cika. Mutum yana zuwa inda aka san sunansa ne, ba a kuma tambayarsa takarda.

'Yar Kaduna, Houston:
Ni Katolika ce, cocinmu ana ibada da Turanci da Sifaniyanci, kuma ina taimakawa a ajin matasa. Ƙofar da muke kama iyaye da ita ita ce quinceañera, bikin cikar yarinya shekara 15. Iyali kan yi shekara suna tara kuɗinsa, dangi su raba nauyi, wannan riga, wancan kek. Sai coci ta ce babu albarka sai yarinya da iyayenta sun halarci zaman shiri. Uban da ba ka taɓa gani ba, ranar zai zo. Na ga wata yarinya ta faɗa wa ubanta a zaman nan cewa ba bikin take so ba, so take ya daina aikin Lahadi. Akwai kuma Movimiento Familiar Cristiano, inda ma'aurata kaɗan-kaɗan ke haɗuwa a gidajen juna suna tattauna zaman iyali. Waɗannan sun fi ɗorewa, domin aji yana ƙarewa, su kuwa suna nan.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Ku yi haƙuri, ni abin da na gani daban ne. Abokina a masana'anta ɗan Gwatamala ne, mutumin kirki. Ajin cocinsu wa'azi ne kawai daga farko har ƙarshe: ku girmama iyaye, ku girmama iyaye. Babu wanda ya tambayi yaran komai. 'Yarsa tana yanka hannunta da reza, aka ce a dage da azumi da addu'a. Ranar da ta cika 18 ta haɗa kayanta. Shi ya ba ni labarin a mota bayan aikin dare, hannunsa na rawa a kan sitiyari. Ban raina addu'a ba, Allah Ya sani, amma yarinyar nan likita take buƙata tare da addu'ar. Hajiya, ki tambaya ko mai koyarwar ya samu horo, kuma ko ana barin yara su yi magana.

Tafinta, Miami:
Gaskiyarka Malam. Ajin kirki ya san iyakarsa, yana tura mutane asibiti. Duk wanda ya ga irin wannan ya kira 988, layin taimakon masu damuwa da masu tunanin cutar da kansu, da aka buɗe a 2022. Masu Sifaniyanci su danna 2.

'Yar Kaduna, Houston:
Wani abu kuma. Tun Janairun 2025 da gwamnati ta janye ƙa'idar da ke hana jami'an shige da fice kame a coci da makarantu, wasu iyalanmu suka ɗauke ƙafa. Mun mayar da wasu zaman kan waya, amma uwa ba ta iya buɗe cikinta alhali yaron yana jin ta ta bango. Yanzu wani sashe na ajin ya koma yadda za a faɗa wa yaro wa zai riƙe shi idan aka tafi da iyayensa.

Maman Uku, Bronx:
Allah Ya saka da alheri, na karanta duka, na Ɗan Maraɗi sau biyu. Na tambayi ƙawata yau. Ta ce mai koyar da su ma'aikaciyar jinya ce 'yar cocin, an tura ta horo, kuma yaran suna da nasu ɗakin. Ta ce abin da ya fi yi mata wuya shi ne aikin gida na mako na biyu: ta zauna da ɗanta minti goma sha biyar ba faɗa, ba nasiha, ba tambayar maki. Ta yi alkawarin kawo min littafin ajin ranar Litinin, 'yata ta biyu tana koyon Sifaniyanci a makaranta, za mu duba tare. Minti goma sha biyar ɗin kuwa daren nan zan gwada, bayan Isha, idan ya yarda ya buɗe ƙofar.