Yarona ya ci 218 a JAMB, kimiyyar kwamfuta yake nema: mu ci gaba da jira ko mu canza?

Maman Sadiq, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan shiga jami'a. Yarona ya zana JAMB bana ya samu 218, ya cike Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a zaɓin farko, kimiyyar kwamfuta. Ya yi Post-UTME tuni, wato tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB. Abokansa biyu sun ga sunansu, shi kuwa duk sanda ya duba sai ya ga "Not Admitted". Jiya wani a kafe ya ce masa in aka kawo naira dubu 150 zai sa a fitar da sunansa cikin sati biyu, wai yana da hanya a sama. Jiran nan daidai ne, ko an riga an wuce mu? Mu canza masa kwas? In kuma Allah ya sa ya samu, me za mu tanada? Mahaifinsa ɗan fansho ne, ba mu da kuɗin watsarwa.

Baban Ummi, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Dubu 150 ɗin nan ki ƙulle ta a bakin zani. Tun 2017 duk gurbin jami'a ta manhajar JAMB da ake kira CAPS yake bi, kuma mataki uku ne: jami'in ɗaukar ɗalibai ya gabatar da sunan yaro, shugaban jami'a ya sa hannu, sannan JAMB ta amince. Mai kafe ba ya cikin ko ɗaya. Abin da irinsu ke yi shi ne su karɓi kuɗin mutum goma, in sunan biyu ya fito da kansa su ce aikinsu ne, sauran takwas a ce musu "sai jeri na gaba". Wasu ma takardar bogi suke bugawa, sai yaro ya kai shekarar ƙarshe a tarar babu sunansa a rajistar JAMB, bautar ƙasa ta gagara.

"Not Admitted" kuma ba ƙi ba ne. Haka shafin ke nunawa muddin ba a gabatar da sunansa ba tukuna. Kafin mu yi nisa ina da tambaya uku. Waɗanne darussa ya zana a JAMB? Sakamakon sakandare yana hannu lokacin da ya sayi fom, ko yana jira? A zaman jarrabawa ɗaya ya samu sakamakon, ko biyu?

Maman Sadiq, Tudun Jukun:
Turanci, Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Lokacin fom bai gama sakandare ba. A WAEC ya samu D7 a Fiziks, amma a NECO ya samu C5. Ya ce ya shigar da su a shafin jami'a lokacin Post-UTME.

Baban Ummi, Samaru:
Darussan sun yi daidai, alhamdulillahi. Amma a nan nake zargin gizo yake saƙar. Shafin jami'a daban, shafin JAMB daban, kuma ɗaya ba ya aika wa ɗaya. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako, "A/R" ake rubuta masa a gaban kowane darasi. Muddin haka ya zauna, CAPS ba za ta bari a gabatar da sunansa ba, ko da 300 ya ci.

Ku duba da daren nan. Ya shiga shafinsa na JAMB da imel da lambar sirrin da ya yi rajista da su, ya danna "Check Admission Status", sannan "Access my CAPS". In da waya yake, ya mayar da Chrome yanayin kwamfuta, in ba haka ba rabin shafin ba zai fito ba. A gefen hagu akwai "My O'Level". In ya ga darussa da makinsu, lafiya lau. In ya ga A/R ko wurin wayam, gobe da sassafe ya tafi cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita, ba kafe ba. Da kansa zai je, domin sai ya dangwala yatsa. Ya riƙe takardar rajistar JAMB da sakamakon WAEC da na NECO duka biyun. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora WAEC kaɗai, sai manhaja ta ga D7 a Fiziks ta ɗauka yaro bai cika sharaɗi ba. Ana son kiredit biyar, da Turanci da Lissafi da Fiziks a ciki, a zama da bai wuce biyu ba. Kafin ya baro cibiyar ya karanta abin da aka shigar layi-layi: lambar jarrabawa, shekara, da makin kowane darasi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya sake leƙawa ya tabbatar ya hau.

Malama, Gyallesu:
Gaskiya Baban Ummi ya faɗa, sai dai kada Maman Sadiq ta ɗauka da an ɗora sakamako shi ke nan. 218 maki ne mai kyau, amma ba a kwas ɗin da kowa ke rububi ba. Iyaye na rikita abu uku. Akwai mafi ƙarancin maki na ƙasa baki ɗaya da ake yankewa a taron JAMB da shugabannin makarantu, wanda a 2024 ya kasance 140, a 2025 aka kai shi 150. Akwai wanda jami'a ke sawa don a zana Post-UTME, ABU ta daɗe tana kan 180. Na ukun shi ne mai cizo: inda layi ya tsaya bayan an jera masu neman kwas ɗin daga sama zuwa ƙasa, an haɗa makin JAMB da na Post-UTME, an cike guraben da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta yarje wa sashen. Wannan ba a saninsa kafin lokaci, domin yawan masu nema da ƙoƙarinsu ne ke yanke shi.

Rabon guraben jami'o'in tarayya kuma: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da jami'ar ke yi wa hidima, 20 na jihohin da aka baro a baya a ilimin boko. Kaduna na cikin biyun ƙarshe, amma kada wannan ya sa a saki jiki, don Kano da Katsina da sauran maƙwabta duk suna ciki. Kuma jihar asali da yaro ya cike a fom ake dubawa, ba inda yake zaune ba. Haihuwar Tudun Jukun ba ta ƙara maki. Shi ya sa sunaye ke fitowa kashi-kashi: na cancanta tukuna, sauran su biyo baya, wani lokaci da tazarar makonni. Mai yiwuwa abokan nasa a kashin farko suka fita.

Baban Haidar, Sabon Gari:
Ni dai a ganina ya canza tun yanzu. Canjin kwas a JAMB naira 2,500 ne, sai ɗan ladan cibiya. Da darussan da ya zana zai iya komawa Lissafi, Ƙididdiga ko Fiziks, kuma cunkoson can bai kai na kwamfuta ba. A ABU ma an daɗe ana koyar da kwamfuta a ƙarƙashin sashen Lissafi kafin ta zama sashe mai cin gashin kansa. Wanda ya karanta Ƙididdiga ya iya Python, yaren rubuta manhaja, ba zai rasa abin yi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Malama, Gyallesu:
Baban Haidar, a yi haƙuri, ban yarda da "tun yanzu" ba. Yaron da sakamakonsa bai hau ba ai ba a ma gwada shi ba, ta yaya za a ce ya faɗi? Da zarar ya canza, ya fita daga layin kwamfuta, kuma canjin ba shi da amfani in jami'a ta riga ta rufe karɓar masu canji a bana. A gyara sakamako, a jira kashi na gaba. Sau da yawa jami'a da kanta ke mayar da yaro wani kwas mai sarari. Zai ga wannan a CAPS ƙarƙashin "Transfer Approval", kuma ba zai motsa ba sai ya danna amincewa. Yara da yawa ba sa leƙa wurin, tayin ya zauna har lokaci ya wuce.

Abu ɗaya da za a faɗa wa Sadiq ƙarara: kada ya karɓi wani kwas da tunanin zai koma kwamfuta a aji biyu. Ana yi, amma sai da maki mai ƙarfi da kuma sarari a sashen, ba alkawari ba ne. Ya karɓi abin da zai iya zama da shi shekara huɗu.

Baban Haidar, Sabon Gari:
Na karɓi gyara, Malama. A ɗora sakamako tukuna.

Kawu, Kongo:
Maganar jinkiri, ba daga ofis ɗaya take ba. Yajin aikin ASUU na 2020 ya kai wata tara, ga korona a kai. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba. JAMB kuwa ba ta fasa jarrabawarta ba ko shekara ɗaya, sai ɗalibai suka taru a bakin ƙofa, kalandar jami'o'i da yawa ta goce. Ban da wannan, NECO kan fito a makare, kusan Satumba, kuma dole a jira masu ita su ɗora.

Haɗarin jira shi ne sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne tak. Fom ɗin sabuwar shekara kan fito wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, a zana a Afrilu ko Mayu. In an buɗe sayarwa bai ga komai ba, ya saya, ko da yana sa rai. A 2025 kuɗin ya kama 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Asarar wannan ta fi asarar shekara sauƙi.

Hanyoyin gefe kuma suna nan kusa da gida. IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ce ke kula da ita, darussa uku ne na kusan shekara guda, in maki ya yi kyau a shiga aji biyu kai tsaye. Akwai makarantar share fage ta ABU a Funtuwa. Akwai difloma a cibiyar Iya Abubakar cikin Samaru, akwai difloma ta ƙasa (ND) ta shekara biyu a kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Amma mai bin IJMB, difloma ko ND sai ya sake sayen fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, kuma guraben aji biyu ba su da yawa, don haka sakamako mai rauni ba ya kai mutum. In IJMB za ku yi, ku tabbatar cibiyar tana da rajista. Akwai masu ɗakin haya da allo da ke kiran kansu cibiya.

Maman Khadija, Hanwa:
Bari in taɓa batun kuɗi tunda ba a yi ba. Post-UTME gwamnati ta ƙayyade ta a naira 2,000, sai cajin banki, wannan kun wuce. In suna ya fito, ya danna "Accept" a CAPS, wannan kyauta ne, sannan ya biya JAMB ya buga takardar admishan da asalin takardar sakamako, kowacce da ɗan kuɗinta. Kuɗin rajista na canzawa duk shekara kuma ya bambanta daga tsangaya zuwa tsangaya, adadin da shafin yaron ya nuna shi ne gaskiya. Ta Remita ake biya, da lambar biya (RRR) da shafin ya fitar da sunansa. Duk wanda ya ba ku lambar asusun mutum ya ce ku tura, ɓarawo ne.

Tun yanzu ku haɗa takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, takardar kammala sakandare da hotuna. Ku jera su ku duba suna da ranar haihuwa. Abubakar Sadiq a NIN, Sadiq Abubakar a WAEC, Abubakar Siddiq a takardar haihuwa: irin wannan kan tsayar da yaro a wurin tantancewa, kuma gyaran NIN ba na kwana ɗaya ba ne.

Rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya (NELFUND) da aka fara a 2024 na biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, da dubu 20 a wata ga ɗalibi in ya nema, babu ruwa, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai dai ana nema ne bayan makaranta ta tura bayanan ɗalibi, don haka rajistar farko ku shirya mata daga aljihu. Ya buɗe asusun banki da sunansa, za a nemi BVN.

Tunda 'yan gari ne, ku lissafa kuɗin mota daga Tudun Jukun zuwa Samaru, zuwa da dawowa, sau kwana biyar, sau mako goma sha biyar, ku kwatanta da kuɗin hostel. Laccar ƙarfe bakwai da cunkoson Kwangila ba sa jituwa.

Injiniya, Palladan:
Kada a yi gaggawar sayen laftof. Aji ɗaya yawanci Lissafi ne da Fiziks da darussan gama-gari, kwamfutar kaɗan ce. Zuwa zango na biyu ko aji biyu, ta hannu mai Core i5, RAM 8GB da SSD 256GB ta isa. Batir za ku fi dubawa, a cire caja a gabanku a ga awa nawa take yi. Watannin jiran nan kuma ya koma kan Lissafi, don shi ke kayar da 'yan kwamfuta, ba rubuta manhaja ba.

Maman Sadiq, Tudun Jukun:
Mun duba yanzu. A/R ne tun daga sama har ƙasa. Gobe in sha Allahu zai je cibiya. Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: layin da ya yi rajista da shi nawa ne, kuma na daina amfani da shi. Akwai matsala?

Baban Ummi, Samaru:
Akwai, Hajiya. Da layin aka tura NIN zuwa 55019 aka karɓi lambar rajista, kuma JAMB ta ɗaure bayanansa a kansa, ba a canzawa cikin sauƙi. Ta nan saƙonni ke zuwa, ta nan ake dawo da lambar sirri in an manta. In aka daɗe ba a amfani da layi kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani. Ki nemo shi yau ki sa a waya, ki sa kati ko na ɗari biyu ne, ki yi kira. In ya ɓata, ki je ofishin kamfanin da NIN ɗinki a dawo miki da lambar, tunda da sunanki aka yi rajistarsa. Fom ɗin baɗi ma, in ta kai ga haka, da wannan layin zai yi.